Bindigar toka ta fashe a hannun ƙanena: laifin maƙeri ne ko na mai ɗuri?

Ɗan_Gwarzo
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman maharba da maƙeran da ke zauren nan su yi mana bayani, don magana ta raba kan gidanmu. Ƙanena ɗan shekara 23 ya ɗauki bindigar toka ta marigayi mahaifinmu ya tafi gadin gona, saboda birai sun addabi masararmu. Tun rasuwar Baba take rataye a ɗaki, ba wanda ya taɓa ta. Ya ɗura ta kamar yadda ya saba ganin Baba yana yi, yana jan kunama sai bututun ya tsage daga wajen gindi. Yatsu biyu na hannun hagu sun tafi, fuskarsa ta ƙone, har yanzu kunnensa ɗaya yana ƙugi. Alhamdulillahi idanunsa sun tsira.

Yanzu baffanmu ya ce laifin maƙerin da ya taɓa yi wa bindigar walda ne, a je a tuhume shi. Inna ta ce hannu aka sa wa yaron. Wasu sun ce ƙaddara ce a bar zancen. Ni dai ina son in san me ke fasa bindiga, domin akwai irinta a gidaje da yawa a ƙauyenmu.

Ummu_Khalil
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ce.

Baba_Maharbi
Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya ba shi sauƙi. Kafin a kai ga maƙeri, ka tambayi yaron abu ɗaya: kafin ya zuba albarushi, ya zura ƙarfen ɗuri ya ga ko ya kai gindi? Na tambaya ne saboda na san halin tsofaffinmu. Mai gadin gona ba ya rataye bindiga wayam, da ɗurinta yake ajiye ta, hular da ke kunna albarushin kawai yake cirewa. Idan mahaifinku ya rasu ya bar ta a ɗure, yaro ya zo ya ƙara ɗuri a kan ɗuri, to albarushi biyu ne da dalma biyu a bututu ɗaya. Ko sabuwar bindiga ba ta cika ɗaukar wannan ba, balle wadda ta sha damina a rataye.

Abu na biyu shi ne zanzaro. Duk bindigar da ta daɗe a jikin bango ba a toshe bakinta ba, zanzaro na shiga ya yi gininsa na laka a ciki. Lakar nan in ta bushe takan zama kamar dutse. Daga waje ba ka ganin komai. Na ga bindigar da aka tsaga bayan ta kumbura, aka samu ɗakunan zanzaro jere a ciki.

Mu yadda aka koya mana, ƙarfen ɗurinka kana yi masa zane biyu. Ɗaya inda yake tsayawa in bindiga ba komai a cikinta, ɗaya inda yake tsayawa in tana da ɗuri. Ko da dare ka shafa da yatsa za ka san halin da take ciki. Wanda ba shi da wannan zanen, da ka yake aiki, kuma kai yana mantuwa.

Maƙerin_Gado
Baba ya faɗi gaskiya, amma bari in yi magana ta ɓangarenmu, kuma ba zan kare kowa don sana'armu ɗaya ba. Malam Ɗan_Gwarzo, a ina aka yi waldar? Idan a jikin bututun ne, wajen da albarushi ke zama, to maƙerin ya yi ganganci. Bututun da ya tsage ya gama aiki, ba a ɗinke shi. Wutar walda tana canza ƙarfen da ke kewaye da wurin, wani gefe ya yi tauri ya zama mai saurin karyewa, wani ya yi laushi, kuma ba mai iya ganin abin da ke ƙarƙashin ɗinkin. Mahaifina in aka kawo masa irin wannan, a gaban mai ita yake sa guduma ya lanƙwasa bututun don kada a kai wa wani. Ana fushi da shi, amma bai taɓa fasawa ba.

Idan kuwa ƙota aka gyara, ko kunama, ko abin riƙe ƙarfen ɗuri, wannan ba ruwansa da fashewa.

Sannan akwai masu haɗa bindiga da bututun ruwan famfo. Wannan bututun yana da ɗinki a tsawonsa tun daga kamfani, don ruwa aka yi shi, ba don wuta ba. Zai iya tashi lafiya sau da yawa, ranar da zai buɗe kuma ba ya sallama, kuma daidai inda hannun hagu ke riƙe yake buɗewa. Shi ya sa za ka ga yawancin waɗanda abin ya samu hannun hagu ne.

Ɗan_Gwarzo
@Maƙerin_Gado ban san inda aka yi waldar ba, ina makaranta lokacin. Gutsattsarin suna wurin baffa, zan je in duba. @Baba_Maharbi zan tambaye shi in ya farka, allurar da ake masa tana sa shi barci.

Injiniya_B
Ina son in ƙara abu biyu a kan na Baba. Na farko tsatsa. Hayaƙin albarushi yana barin baƙin dauɗa a cikin bututu, kuma wannan dauɗar tana jan laima daga iska. In ba a wanke da ruwan zafi an busar an shafa mai ba, ƙarfen yana cinyewa daga ciki, waje kuma yana nan fes. Bindigar da aka harba aka rataye ba wanki, shekara biyu ko uku, kaurin bangonta a gindi ba shi ne na da ba.

Na biyu, kuma wannan ya fi ba ni tsoro don samari sun fara yi: fasa harsashin zamani a juye garin cikinsa a bindigar toka. Garin da ke cikin harsashin kanti ba albarushin gargajiya ba ne. Ƙarfin matsin da yake haifarwa ya ninka na albarushi nesa ba kusa ba, kuma bindigogin da aka yi dominsa an gwada su a masana'anta kafin a sayar. Ko a Turai da Amurka, inda ake ƙera bindigar ɗuri da ƙarfe mai kyau, a jikinta ake rubuta gargaɗin kada a sa mata wannan garin. To ina ga ta ƙauye? Haka ma masu kankare kan ashana su cika. Wannan abu ne da gogayya kaɗai ke tayar da shi, yana iya kamawa tun ana cikin dannawa.

Har ila yau in dalma ba ta zauna daram a kan albarushi ba, aka bar fili a tsakani, nan ma bututu na kumbura ko ya fashe.

Yaro_Mai_Karnuka
Ni fa shi ya sa ban yarda da bindiga ba sam. Karnukana da gora da barandami sun ishe ni. A farautar rani da muke fita, in ka ga an dawo da mutum a kwance, ko faɗan rabon nama ne ko mai bindiga ne ya yi aika-aika.

Basakkwace
Yaro_Mai_Karnuka, hwaɗi gaskiya dai, barandami ma ya kashe mutane wurin hwarauta, ba bindiga ɗai ba. Amma ni abin da ni gani da idona shi na ƙin tashi. Wani maƙwabcinmu ya auna zabbin daji, ya ja kunama, hula ta yi ƙyas, bindiga ta yi shiru. Sai ya sauke ta ya juyo da bakin wai shi busa ciki. Nan ta tashi. Allah ya jiƙan shi, ko gida ba a kai da shi ba. Damina ce, albarushin ya ji sanyi, wutar tana ci a hankali cikin shi ba a sani ba.

Baba_Maharbi
Allah ya jiƙansa. Wannan ita ce ta fi cin maharba, Basakkwace. Bindiga in ta ƙi tashi ba ta mutu ba. Ka bar ta a kafaɗa yadda take, bakinta na kallon inda ka auna, ka ƙirga a ranka har minti ɗaya ya wuce, in ka ƙara ma ya fi. Bayan nan ma bakinta ba ya kallon kowa, kai ma ba ya kallonka. Busa bakin bindiga kuwa al'ada ce da muka tarar, wai don a kashe ragowar wuta, amma al'adar banza ce. Ka sa tsumma mai ɗan laima a ƙarfen ɗuri ka goge, ya yi maka aikin ba tare da ka kai fuskarka ba.

Kuma kada a zuba albarushi kai tsaye daga gora ko kwalbar da ake ajiye shi. A auna a ɗan abin awo, a rufe gorar, sannan a zuba. Idan akwai tartsatsin da ya rage daga harbin farko, abin da ke cikin awon ne kaɗai zai kama. In gorar ce a bakin bindiga, duk abin da ke ciki zai tashi a hannunka.

Nas_Hauwa
Sannu Malam Ɗan_Gwarzo, Allah ya ba shi lafiya. Don Allah ku tabbatar an yi masa allurar tetanus, kuma likitan ido ya duba shi ko da yana gani, don ƙananan ɓarɓashin ƙarfe kan maƙale ba a ji ba sai daga baya. Kunnen ma a kai shi a duba, mai yiwuwa fatar dodon kunnen ta huje. Kada a ɗiga masa mai ko wani ruwa a ciki.

Ga sauran 'yan'uwa, abin da muke gani a wurin aiki yana da ciwo. Ana kawo mana rauni an cusa masa toka, ko ƙasa, ko garin ganye, wani har man birki. Kafin likita ya fara gyara sai an ɓata lokaci ana wanke wannan, kuma shi ke kawo ruɓa har a kai ga yanke hannun da da an cece shi. Abin da ake so: tsumma mai tsabta, a danne wurin da ƙarfi ba ɗagawa, a ɗaga hannun sama, a kama hanya. In jini na tsartuwa ya ƙi tsayawa, a ɗaure sama da raunin tamau, a riƙe lokacin da aka ɗaure a faɗa wa likita. In yatsa ya cire, a naɗe shi a tsumma mai tsabta mai ɗan laima, a sa a leda a ƙulle, sannan a sa ledar cikin ruwan ƙanƙara. Kada naman ya taɓa ƙanƙarar kai tsaye. Ba kullum ake iya mayarwa ba, amma a bar likita ya yanke wannan hukuncin.

In rauni ya warke kuma a nemi masu gashin ƙashi na asibiti, don sauran yatsun kada su sandare. A Kano akwai Asibitin Ƙashi na Dala.

Ɗan_Gwarzo
Na gode Anti. An yi masa tetanus. Amma wallahi mun sha wahala kafin a karɓe shi. Wurin farko da muka je cewa suka yi sai mun kawo takardar 'yan sanda, yaro na zubar da jini a bayan mota.

Tsohon_Sufeto
Wannan da aka yi muku ya saɓa wa doka, kuma ya kamata kowa a zauren nan ya sani. Tun 2017 akwai dokar tarayya da ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ya karɓi wanda harbi ya samu ya fara yi masa magani, da takardar 'yan sanda ko babu, kuma ba tare da jiran a ajiye kuɗi ba. Asibitin ne zai sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa cikin awa 2 da fara maganin. Wanda ya kawo mai raunin ma dokar ta ce a mutunta shi, kada a mayar da shi abin tuhuma haka kawai. Mutane da yawa sun mutu a gida don tsoron wannan takardar.

Sai dai zan faɗi wadda ba za a so ji ba. Bindigar toka ma tana da lasisi. Dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Akwai na yaƙi, waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa. Akwai irin su mai baki biyu, waɗanda ke hannun Sufeto Janar. Sai na ɗuri ta baki, su ne Kwamishinan 'Yan Sandan jiha ke ba da izininsu. Kuma lasisin na mutum ne, ba a gadonsa kamar gona. In mai bindiga ya rasu, magada su sanar da hukuma. Ƙera bindiga da gyaranta ma sai da izini. Don haka baffanku ya yi tunani kafin ya ja maƙeri gaban hukuma, tambayar farko da za a yi ita ce da wane izini yaron ya ɗauke ta.

Maƙerin_Gado
Ranka ya daɗe, doka a takarda daban, ƙauye daban. Mutumin da ɓarayin daji suka hana shi barci, ko biri ya cinye masa gona, ka ce ya tafi babban birnin jiha neman lasisi? Mu da ake kawo wa gyara mun san yawan bindigogin da ke gari, kuma mun san da a ce akwai hanya mai sauƙi ta rajista da dubawa, da rabin waɗannan ruɓaɓɓun an daina harba su.

Tsohon_Sufeto
Ban musa maka ba. Na faɗi yadda dokar take ne don kada mutum ya shiga ofis da ƙafarsa yana ganin shi ne mai ƙara, ya kwana a ciki.

Sani_Fatakwal
Maganar lasisi ta tuna min da 'yan'uwanmu mafarauta 16 da aka kashe a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025, suna hanyar komawa Kano yin sallah daga jihar Ribas. Bindigogin farauta aka gani a motarsu aka ce masu garkuwa da mutane ne. Allah ya jiƙansu. Tun daga lokacin mu da ke kudu muke gaya wa masu zuwa farauta su daina tafiya da makami a motar haya.

Ummu_Khalil
Amin ya Allah. Wannan zalunci ne tsantsa, ba kuskuren farauta ba. Ko da takarda ko babu, ba wanda ke da ikon ƙona mutum.

Ɗan_Damagaram
Salamu alaikum. Mu nan wajenmu abin da ya fi yawa ba fashewa ba ne, harbin dare ne. Mutum ya ɗaura cocila a goshi, ya hango ido biyu na ƙyalli cikin sabara, ya saki wuta. Ya je ya tarar da akuyar mutane, ko maraƙin Fulani, wani lokaci abokin tafiyarsa da ya tsuguna. Da jandarma suka zo sai ka ji yana rantsuwa wai gada ya gani, mutumin ne ya rikiɗa. Ni na yi imani da yawansu ba ƙarya suke ba, gadar suka gani da gaske. Wanda ya kwana yana yawo da yunwa da barci, zuciyarsa ba abin da take jira sai gada, duk abin da ya motsa gada zai zama a idonsa.

Wani dattijo da na bi daji da shi ba ya harbi sai ya ga kai da ƙafafu da wutsiya, kuma ya san abin da ke bayan dabbar. Nama da yawa ya tsere masa saboda haka, kuma bai taɓa damuwa ba.

Basakkwace
Ɗan_Damagaram, rikiɗa kam akwai ta, kada mu ƙaryata abin da kakanni sunka gani.

Ɗan_Damagaram
Ban shiga wannan gardamar ba ɗan'uwa. Abin da na ce, gawar da ake ɗaukowa ta mutum ce, marayun da ake bari na mutum ne.

Malam_Na_Zaure
Bismillah. Allah ya ba mara lafiya sauƙi. Ina son in taɓa kalmar ƙaddara da mai tambaya ya ambata, don ana yawan sa ta inda ba wurinta ba. Mun yi imani duk abin da ya samu bawa rubutacce ne. Amma wannan bai hana a binciki sababi ba, kuma bai ɗauke alhaki daga mai sakaci ba. Annabi (SAW) ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Kuma ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami, domin bai sani ba ko Shaiɗan zai fizgi hannunsa. Ya kuma umarci mai wucewa da kibau a masallaci ko kasuwa ya riƙe tsininsu kada ya ji wa wani. Wannan ita ce ƙa'idar bakin bindiga da Baba_Maharbi yake faɗa, tun kafin a san bindiga.

Game da abin da Ɗan_Damagaram ya kawo: wanda ya harbi mutum yana zaton dabba ce, wannan kisan kuskure ne, hukuncinsa na cikin Suratun Nisa'i aya ta 92. Akwai diyya ga iyalan mamaci sai in sun yafe, kuma danginsa na wajen uba ne ke taya shi ɗauka. Akwai kuma kaffara a kansa shi kaɗai, wadda a yau ita ce azumin wata biyu a jere. Yafewar iyali tana sauke diyya, ba ta sauke kaffara.

Maganar an sa wa yaro hannu kuwa, a lallashi Inna da hankali, uwa ce, zafin ɗa ne. Amma kada a bari zargi ya sauka a kan wani ba hujja.

Yaro_Mai_Karnuka
Malam, to maganin bindiga fa? Akwai mutanen da na sani da idona harsashi ba ya cin su.

Baba_Maharbi
Ɗana, na girme ka a dajin nan, kuma na san abin da ka gani. Bindigar toka in albarushinta ya yi sanyi, ko an rage awo, ko nesa ta yi yawa, dalmar kan bugi riga mai kauri ta faɗi. Wani lokaci ma ba dalma a ciki. Sai a ce magani ya ci. Ranar da aka samu busasshen albarushi da cikakken ɗuri a kusa, sai a yi jana'iza, mai harbin kuma ya tafi gidan yari. Kusan kowace shekara sai an ji labarin wanda ya mutu wurin gwajin maganin bindiga. Ban hana kowa addu'ar tsari ba, ni ma ina yi. Amma duk wanda ya ce ka tsaya ya gwada a jikinka, ka ce ya rataya layar a wuyan bunsuru tukuna.

Hajiya_Mai_Koko
Ni tambayata ta 'yan bindigar hawan sallah ce. Jikokina suna son matsawa kusa da su. An ce ba harsashi a ciki, haka ne?

Injiniya_B
Hajiya, ba dalma a ciki, amma akwai albarushi da yawa don a samu ƙara, da tsumma ko takardar da aka danne shi da ita. A kusa wannan tsumman da wutar suna fasa ido, suna ƙona fuska, suna iya huda fata. Kuma bindigar da aka cika don ƙara ita ma tana iya fashewa kamar kowace. Ƙarar kanta tana lalata jin yaro. A riƙe su nesa.

Nas_Hauwa
Tunda an ambaci dalma, ina roƙon masu narka ta a gida su daina yi a tsakar gida ko a tukunyar da za ta koma kicin. Wasu tsohon batirin mota suke fasawa. Hayaƙin da ƙurar suna shiga jikin yara, kuma gubar dalma ba ta nuna kanta da wuri, sai dai a ga yaro na ciwon ciki, ko farfaɗiya, ko ya kasa karatu. Mun ga abin da ta yi a Zamfara a 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, inda yara sama da 400 suka rasu. Can daga dutsen zinare ta fito, amma gubar ɗaya ce. Naman da aka harba ma a yanke wurin da dalmar ta bi a zubar, musamman in yara ko mai ciki za su ci.

Alhaji_Mai_Baki_Biyu
Kada masu bindigar kanti su ɗauka wannan zancen na 'yan toka ne kawai. Mai baki biyu ma tana fashewa. Ka yi tuntuɓe bakinta ya caki laka, ka tashi ka harba ba ka duba ba, shi ke nan. Sannan akwai haɗa harsashi. Mai lamba 20 ya fi mai lamba 12 siranta. In ya shiga bindiga mai lamba 12 sai ya zurma ciki ya maƙale a gaba, ka buɗe ka ga kamar ba komai, ka sa na 12 a bayansa. Wannan sanannen haɗari ne a duk inda ake farauta. Kada ka taɓa haɗa su a aljihu ɗaya.

Amma a ganina mafi yawan raunin da na ji labari ba a wurin harbi ya faru ba. A kan babur ne, ko wurin tsallake shinge, ko an jingina ta a bishiya kare ya ture, ko an miƙo ta daga mota ta baki. Mai baki biyu a karya ta a cire harsashi. Ta toka a cire hula. Sai an isa inda za a yi harbi a mayar.

Ɗan_Gwarzo
Na dawo 'yan'uwa, na gode ƙwarai. Na yi magana da shi, kuma na ga gutsattsarin.

Baba_Maharbi, ya ce bai zura ƙarfen ba kafin ya zuba. Ya ce da ya zo dannawa ya ga ƙarfen bai shige kamar yadda yake shigewa a hannun Baba ba, ya yi saura da yawa a waje, sai ya ɗauka tsumman ne ya yi yawa. Inna kuma ta tabbatar Baba da ɗuri yake rataye ta a lokacin masara, kuma a lokacin masara ya kwanta ciwon ajali.

Maƙerin_Gado, waldar a jikin bututun take, kamar faɗin yatsa uku daga gindi, kuma tsagar ta bi ta gefenta. Cikin ƙarfen duk ya yi ramuka-ramuka na tsatsa, wani wurin bai fi kaurin gwangwani ba.

Maƙerin_Gado
To ka ji. Wannan bindigar ko da ɗuri ɗaya ne ranarta na zuwa. Ni a wurina maƙerin yana da kaso, bai kamata ya karɓi aikin ba.

Baba_Maharbi
Yana da kaso, amma marigayin ya yi ta harba ta bayan waldar ba ta fashe ba. Ɗuri biyun ne ya kashe ta. Kuma mu manya muna da namu, muna barin yara su koya da kallo, ba ma zaunar da su mu ce ga abin da ake dubawa kafin a zuba.

Tsohon_Sufeto
Ku tattara gutsattsarin da ragowar albarushin ku miƙa ta hannun mai gari. Kada a bar albarushi a ɗakin da ake kunna wuta.

Hajiya_Mai_Koko
Jama'a ni ma akwai ta maigidana, Allah ya jiƙansa, tana bayan ƙofa tun rasuwarsa, kuma yanzu jikina ya yi sanyi. Ban san ko da ɗuri a ciki ba. Wa zan kira ya duba, kuma yaya za a ɗauke ta daga wurin?

Baba_Maharbi
Hajiya, kada ki taɓa ta, kada yaro ya taɓa. Ki kulle ɗakin yau. Ki aika wa Sarkin Bakan garinku ko mai unguwa, su turo dattijon da ya san aikin. In ya zo ki fitar da kowa daga gidan kafin ya sauke ta, kuma ki gaya masa shekara nawa ta yi a wurin. Kada ki yarda wani ya ce bari a harba ta sama a huta. Wane gari kike? In kusa ne zan san wanda za a yi wa magana.